Zuwa ga ƙawata, kan aikin ƙodar Alhaji

Ƙawalli,

Ya jikin Alhaji? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ya yara, ya kuma ƙafar Hajiya Babba?

Saƙonninki na murya sun iso, amma kin san halinki in hankalinki ya tashi: ki kama wannan zance, kafin ki dire shi kin ɗauko wancan. Da na natsu na saurara sai na ga tambaya ɗaya ce kike ta kewayawa. In an yi wa Alhaji aikin nan, ƙodar za ta ci gaba da aiki, ko kuwa hanyar wankin ƙoda aka kama ke nan? Shi ya sa na ga gara in rubuta, ki samu abin da za ki karanta masa, ki kuma karanta wa Hajiya Babba a tsanake, tunda ita ce ta kafe a kan ba mai taɓa mata ɗa da wuƙa.

Ki fara kwantar da hankalinki da wannan. Aikin cire tsakuwa, in ya faɗa hannun wanda ya iya, ba ya kashe ƙoda. Yawancin mutane ƙarfin ƙodarsu yana nan inda yake bayan aiki, waɗanda kuma tsakuwa ta toshe wa hanya sau da yawa ƙaruwa ma yake yi. Ni a shekarun da na yi ina miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin tiyata, ƙodar da na ga an rasa, kusan kullum ta iso mana ne a mace. Toshewa da ƙwayoyin cuta da jinkiri sun gama da ita tun a gida.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan ƙananan matatu wajen miliyan ɗaya. Su biyun a haɗe suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ya rage, kamar lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Fitsarin yana taruwa a wata 'yar jaka a cikin ƙodar, daga nan ya bi wani siririn bututu ya gangara mafitsara. To, in tsakuwa ta zauna a bakin bututun nan, sai ki tuna kwatar gidanku ta dā ranar da leda ta toshe ta ana tsakar ruwan Agusta: ruwa bai fasa zuwa ba, hanyar fita ce babu, sai ya dawo ya kwanta a gindin katanga yana cin ta. Kumburin da aka rubuta a takardar sikanin ɗin Alhaji shi ke nan. Fitsari ne ya taru yana danne naman ƙodar daga ciki, jinin da ke shiga yana raguwa, matatun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta mutu kuwa ta tafi, jiki ba ya ƙera sabuwa.

Lokaci ne ke yanke hukunci a nan. Gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka sun nuna cewa in aka toshe bututun gaba ɗaya na mako guda aka buɗe, ƙodar tana farfaɗowa kusan duka. In aka kai wata guda, kaɗan ne ke dawowa. In an wuce mako shida, da ƙyar a samu wani abin kirki. Ɗan Adam yakan fi haka juriya, musamman in toshewar ba ta cika ba, fitsari na ɗan zurarawa ta gefe. Amma hanyar ɗaya ce, saurin tafiyar ne ya bambanta.

Abin da ya fi tsaya min a rai cikin maganarki shi ne da kika ce ciwon kwiɓin ya lafa tun da ya fara shan jiƙon da aka kawo masa, har ana cewa tsakuwar ta narke. Ƙawalli, kada ki yarda da wannan shirun. Ƙodar da ta daɗe a toshe takan daina ciwo, saboda ta rage yin fitsarin da ke matsa ta. Mutum sai ya ce ya warke, alhali ƙodar ce ta gaji ta saki. Maganar narkewa kuma, tsakuwa iri-iri ce. Akwai wadda ake kira ta yurik asid, wajen kashi 10 cikin 100, ita kam ana narkar da ita da maganin da ke rage tsamin fitsari. Amma mafi yawa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ta kalsiyam ce, kuma babu jiƙo ko ƙwayar da ke narkar da ita. Ba rena maganin gida nake yi ba, ni ma da shi aka raine ni. Sai dai hoto ne kaɗai zai iya cewa tsakuwa ta tafi. Ki kuma tuna duk abin da ya sha, ƙodar nan da ke fama ita za ta tace shi.

Kin ce milimita 22 aka auna tsakuwar, a hagu. Bututun da za ta bi faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci takan fita da kanta, da shan ruwa da haƙuri da ɗan ihu. Daga milimita 10 zuwa sama da wuya. Ta Alhaji kam ba inda za ta je, sai dai ta ƙara girma.

Shi ya sa likitansa ya ce a huda ta baya, kuma da gaskiyarsa, don tsakuwar da ta haura milimita 20 wannan aikin aka fi zaɓar mata. Ba sabon abu ba ne. Wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Fernström da Johansson, su suka fara ba da rahotonsa a 1976. Za a sa shi barci, yawanci a kifa shi, a yi ɗan huji kamar santimita ɗaya a bayansa ƙasa da haƙarƙari, a buɗe siririyar hanya har cikin jakar nan, a zura bututu mai kyamara, a farfasa tsakuwar ana kallonta a allo, a kwashe gutsattsarin. Kwana biyu zuwa huɗu an sallame shi.

Na san inda Hajiya Babba za ta tsayar da ke: "To ai ga shi nan, an huda ƙodar." E, an huda, ba zan ɓoye ba. Hanyar tana ratsa naman ƙoda, kuma matatun da ke kan layin hujin suna tafiya. Amma abin da ke saura siririn tabo ne, ɗan mitsitsi in aka gwada da girman ƙodar, har gwajin jini ba ya ganin gurbinsa. A kwana biyu ko uku na farko sakamakon gwajin yakan ɗan hau, saboda ƙodar ta sha taɓi, jijiyoyinta sun tsuke. Kada ki gani ki ɗora hannu a ka. Yakan sauko da kansa. Inda ɓarnar ke ƙaruwa shi ne in tsakuwar ta yi rassa ta cika ƙodar har sai an yi huji biyu ko uku. Ta Alhaji guda ce a wuri guda, huji ɗaya ake sa ran zai isa.

Haɗarin gaske guda biyu ne, kuma gara ki san su tun yanzu. Na farko zubar jini, don ƙoda gida ce ta jini. Kaɗan daga cikin waɗanda ake yi wa aikin sukan buƙaci ƙarin jini, saboda haka ƙannensa su je a gwada su tun kafin ranar, a daina jira sai an fito ana neman mai bayarwa a baranda. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, a gaya wa likita, shi zai faɗi ranar da za a dakatar. Na biyu ƙwayoyin cuta. Fitsarin da ya kwanta bayan tsakuwa matattararsu ce, in aka motsa wurin suna iya faɗawa cikin jini. Wannan shi ne abin da mu ma'aikata muka fi tsoro. Don haka in an ce a kai fitsari a shuka a ga ko akwai ƙwayar cuta, a kuma sha magani kafin aiki, kada Alhaji ya ce ana ja masa rai ne ko ana neman kuɗinsa. Wani lokaci ma likita yana hudawa ya ga mugunya, sai ya sa bututu ya bar ta ta tsiyaye, ya ɗaga aikin zuwa wani mako. Likitan da ya yi haka, ki yi masa addu'a.

Na ji kuma ƙanin Alhaji ya kawo zancen injin da ke fasa tsakuwa daga waje ba yanka ba huji. Akwai shi. A birnin Munik na Jamus aka fara amfani da shi a kan mutum a 1980, kuma abin mamaki kamfanin ƙera jiragen sama na Dornier ne ya haɗa shi. Yana aika bugu dubbai ta cikin fata su haɗu a kan tsakuwar. Sai dai rashin yanka ba ya nufin ƙodar ba ta ji a jikinta ba. Tana ƙujewa, shi ya sa ake fitsarin jini kwana ɗaya ko biyu, jefi-jefi ma jini kan taru a gefenta, musamman ga mai hawan jinin da bai daidaita ba, irin mutuminki. Yawanci tana warkewa sarai. Matsalarsa ga Alhaji ita ce girma. In aka fasa milimita 22, gutsattsarin duk ta siririn bututun nan za su bi, suna iya yin layi su cushe shi, a koma gidan jiya. Ga shi sau da yawa sai an maimaita zama. Wannan injin na ƙananan tsakuwoyi ne.

Akwai kuma bi ta mafitar fitsari da siririyar kyamara mai lanƙwasa, a hau har cikin ƙoda a niƙe tsakuwar da hasken leza. Naman ƙoda ba a taɓa shi ko kaɗan, wannan kyawunsa ke nan. Amma tsakuwa mai girman ta Alhaji tana iya cin shiga biyu, kuma bututun da aka bi yakan ji rauni a wasu 'yan kaɗan, ya warke da tabo ya tsuke daga baya.

In kuma asibitin da kuka je ba su da waɗannan na'urori suka ce yanka za su yi, kada ki ɗauka an cuce ku. Har gobe ana yin sa a asibitocinmu da yawa, kuma akwai hannayen da suka gwanance a kai. Tambaya ɗaya za ki yi: jakar tara fitsarin za a tsaga, ko naman ƙodar? In jakar ce, matatun ba abin da ya same su, wahalar ta jinya ce kawai, ciwon yanka da makonnin zaman gida. In naman ne, har sai an ɗaure jijiyar jini na ɗan lokaci, to wannan ya fi sauran duka rage ƙarfin ƙoda, kuma tsakuwa mai rassa ake yi wa shi.

Yanzu bari in zo kan takardar gwajin jinin da Alhaji ke ta nuna wa masu dubiya yana cewa ƙodarsa lafiya lau. Abin da aka auna sunansa kiriyatinin, wani datti ne da tsoka ke fitarwa ƙoda ta kwashe. Daga shi ake lissafa ƙarfin tacewa: 90 zuwa sama lafiya, ƙasa da 60 na tsawon wata uku ciwon ƙoda ne, ƙasa da 15 nan ake fara zancen wanki. Amma gwajin na ƙoda biyu ne a haɗe. Ta dama tana iya ɗauke nauyin duka, ta hagu na can tana mutuwa, takarda kuwa ta fito fes. Abin da ke raba gardama wani hoto ne da ake yi a manyan asibitocin koyarwa, a sa allura a jijiya a ga kason da kowace ƙoda ke bayarwa. Lafiyayyu kusan rabi da rabi suke yi. Ki tambayi likitansa ko yana ganin a yi shi kafin aiki. Amfaninsa biyu: za a san abin da ake ƙoƙarin cetowa, kuma in bayan wata shida aka ce ta hagu kashi 35 take bayarwa, ba mai cewa aiki ne ya jawo alhali dama haka ta shiga.

In ma aka tarar ta riga ta tafi, tana ba da ƙasa da kashi 10 ko 15, ga ciwo ga mugunya, wani lokaci cire ta ya fi barinta. Ko hakan ba wankin ƙoda ba ne. Masu ba 'yan'uwansu kyautar ƙoda da guda ɗaya suke rayuwa har tsufa, wadda ta rage takan ƙara girma ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun ke yi. Ba a kaiwa ga injin wanki sai duka biyun sun gaza. Labarin da Hajiya Babba ke ta maimaitawa, na wanda aka yi wa aiki bai shekara ba ya koma wanki, irinsa in kin bi diddigi sau tari za ki tarar tsakuwa ce a ɓangare biyu an yi shekaru ana jiƙe-jiƙe, ko kuma ga sukari ga hawan jini sun daɗe suna ɓarna a ɓoye. Aikin shi ne abu na ƙarshe da mutane suka gani, sai ya ɗauki laifin. Maganar gaskiya, ni ƙwayar hawan jinin da Alhaji ke sha yau ya bari gobe ta fi wuƙar likita ba ni tsoro a kan ƙodarsa ta dama.

Sai abin da ke biyo bayan aiki, kuma nan ne naki aikin yake, don na san mazanmu: ana cire zare sun warke. Akwai yiwuwar a bar masa wata siririyar roba a ciki, kanta ɗaya a ƙoda, ɗayan a mafitsara, don hanya ta zauna a buɗe kafin kumburi ya saɓe. Za ta dame shi. Zai riƙa jin fitsari a kai a kai, ya ga ɗan ja-ja in ya yi zirga-zirga, ya ji kwiɓinsa ya amsa in yana fitsari. Duk wannan ba komai. Abin da yake komai shi ne a manta da ita. Ta 'yan makonni ce. In ta yi watanni, tsakuwa na kama jikinta ta daskare, ta toshe hanyar da aka sa ta ta buɗe. Na ga an zo da wadda ta shekara biyu a ciki, mai ita ya rantse ba wanda ya gaya masa an sa, cire ta ya fi aikin farko wuya nesa ba kusa ba. Kafin ku bar asibiti ki tambaya da bakinki: an sa roba? Yaushe za a cire? Ki rubuta ranar a kalandar falo inda kowa zai gani.

Wannan ne ma ya sa ban goyi bayan gaggawar tafiya Indiya ko Alƙahira da ake ta zuga shi ba. Suna da gwanaye, ba musu. Amma a zauna jiran biza da haɗa dala ƙoda na toshe, wannan asara ce. In ya nace sai ya tafi, a fara sa masa robar a nan ta buɗe hanya, sannan a san tun yanzu wanda zai cire wadda za su sa masa in ya dawo.

Bayan cire robar da wata ɗaya ko biyu a sake sikanin, ko da yana jin garau. Tsukewar bututun nan da na ambata ba ta cika yin ciwo ba, hoto ne ke kama ta. In kuwa a gida kika ga zazzaɓi da rawar ɗari, ko fitsari ya ɗauke, ko jini jajir da gudaji, ko amai ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti a daren, kada a jira asuba. Jinin yakan iya ɓallewa ko bayan mako ɗaya ko biyu da sallama. Ki kuma raba shi da diklofenak da ibufurofen da haɗin nan da yaran kemis ke ƙullawa a leda. Suna kashe ciwon tsakuwa sosai, shi ya sa ake son su, amma suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Farasitamol ya ishe shi sai abin da likita ya rubuta.

Ki karɓi gutsuren tsakuwar a kai ɗakin gwaji a san irinta, kada Alhaji ya sa a kwalba yana nuna wa baƙi. Dalili kuwa, kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sukan sake yin wata cikin shekara 5 zuwa 10, kuma aiki bayan aiki shi ke tara tabo. Likitoci suna da wani yanki da suke shatawa a taswira, daga Masar da Sudan ya bi ta Saudiyya da Pakistan har arewacin Indiya, inda cutar ta fi yawa, kuma zafi da gumi na cikin manyan dalilai. Mu ma da muke ganin digiri 40 a watan Afrilu ba sai an yi mana bayani ba. Ana so ya riƙa fitar da fitsari lita biyu da rabi a kwana, wato ya sha aƙalla lita uku, ledar fiya wata shida ke nan, da bazara kuma fiye. Na san dabararsa, yana ƙin sha ne don kada ya yi ta barin shago a kasuwar Kwari yana neman bayi. Ki haɗa shi da yaron shagon, a ajiye masa jarka a gefen kujera. Alamar da zai duba mai sauƙi ce, fitsari ya zama fari-fari, ba ruwan shayi ba.

A girki ki rage gishiri da dunƙule, don gishiri ne ke jan kalsiyam zuwa cikin fitsari. Tsire da kilishi da balangun dare a sassauta. Amma kada wani ya sa ki hana shi nono da kindirmo wai don tsakuwar ta kalsiyam ce. Akasin haka ne: kalsiyam ɗin abinci yana kama sinadarin da ke haɗa tsakuwar tun a hanji ya fita da shi. Furarsa tana nan daram. Ki riƙa matsa masa lemon tsami a ruwa, yana taimakawa. Alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi mai kauri kuwa, a jira sakamakon gwajin tsakuwar kafin a san ko za a rage. Zancen azumi ya yi shi da likitansa tun Sha'aban, in an ba shi dama ya rarraba shan ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur, ban da ɗurawa lokaci guda.

Ki ɗauki hoton takardar sikanin ɗin da ta gwajin jini da ta fitsari ki turo min yau, duka shafukan, har da na bayan da kike cewa ba komai a jiki. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu ina hutu, zan shigo da hantsi. Ki bar ni da Hajiya Babba, amma ki tabbata Alhaji bai sulale kasuwa ba kafin in iso. Ki ce ina yi masa sannu, ki shafa min kan auta.

Taki har kullum,
Ƙawarki